Minista ya sauka a Ontariyo, amma wa ya duba dokokin da suka biyo baya?

Kwanan baya ana hira bayan la'asar, wani abokinmu da ɗansa ke karatu a Kanada ya kawo labarin ministan gidaje na lardin Ontariyo, wanda ya ajiye muƙaminsa saboda badaƙalar filaye. Nan take wuri ya ɗauka. "Ka ji inda ake da kunya," in ji ɗaya. Wani ya ce da a nan ne, walima za a shirya masa, a ƙara masa da sarauta. Aka yi dariya, aka koma zancen farashin taki.

Abin ya tsaya mini a rai. Mun saba da shugabannin da ba sa sauka ko da an kama su dumu-dumu, shi ya sa da mun ji wani ya yi murabus a wata ƙasa sai mu ɗauka magana ta ƙare, gaskiya ta yi halinta.

Ra'ayina shi ne, a cikin duk abin da gwamnati za ta iya bayarwa idan asirinta ya tonu, murabus ɗin minista shi ne mafi arha. Inda ake gane ko gwamnati ta ji jiki shi ne a jerin dokokin da take kai wa majalisa bayan haka, da yadda take bi da su. Da wannan ma'aunin, gwamnatin Ontariyo ta mayar da filin da ta ɗiba, amma ba ta sauya halin da ya kai ta ga ɗibar ba.

Abin da ya faru a taƙaice

Ontariyo shi ne lardin da ya fi kowanne yawan jama'a a Kanada, a cikinsa birnin Toronto yake. Tsarinsu irin namu ne na Jamhuriya ta Farko: akwai Firimiya, kuma ministocinsa 'yan majalisar dokokin lardin ne. Firimiyan shi ne Doug Ford, tun 2018.

A 2005 aka yi doka aka keɓe wani zobe na gonaki, dazuzzuka da fadamu da ya kewaye Toronto da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi, kimanin eka miliyan 2, aka hana gina rukunin gidaje a ciki. Sunansa Greenbelt. Lokacin yaƙin neman zaɓen 2018 wani bidiyo ya fito inda aka ji Ford yana cewa zai buɗe wani babban yanki nasa ga masu gine-gine. Da aka yi masa ca, ya yi alkawarin ba zai taɓa wurin ba.

A Nuwamban 2022 ministansa na gidaje, Steve Clark, ya sanar da cire eka 7,400 daga wurare 15 domin gina gidaje 50,000, za a kuma ƙara eka 9,400 a wani wajen. Aka ba jama'a kwana 30 su faɗi ra'ayinsu. Kimanin saƙonni 35,000 suka shigo, kusan duk na ƙin amincewa. Aka aiwatar a Disamba kamar ba wanda ya ce uffan.

Ranar 9 ga Agustan 2023 babbar mai binciken kuɗin lardin, Bonnie Lysyk, ta fitar da rahoto. Ta gano cewa wurare 14 cikin 15 ɗin nan shugaban ma'aikatan ofishin ministan ne ya kawo su. Ta gano cewa kashi 92 cikin 100 na filin ya fito ne daga buƙatun 'yan kasuwa biyu da suka samu ganinsa a wata liyafar ƙungiyar magina a Satumban 2022, suka miƙa masa takardu. An ba ma'aikatan gwamnati shida mako uku su gama aikin, an sa su sa hannu a takardar riƙe sirri, kuma da sharuɗɗan kare gonaki da muhalli suka nemi hana wasu wuraren wucewa, sai aka cire sharuɗɗan. Darajar filayen a hannun masu su za ta iya ƙaruwa da dalar Kanada biliyan 8.3.

Shugaban ma'aikatan ya sauka ranar 22 ga Agusta. Ranar 30 ga wata kwamishinan ɗa'a, David Wake, ya ce ministan ya saɓa dokar ɗa'a ta 'yan majalisa, domin ya kawar da kai ya bar yaronsa yana abin da ya ga dama. Clark ya nemi afuwa, ya ce yana nan daram. Ranar 4 ga Satumba ya sauka. Ranar 20 ga wata wani ministan, Kaleed Rasheed, shi ma ya tafi, saboda bayanin da ya ba kwamishinan game da wata tafiya zuwa Las Vegas, inda ya haɗu da wani mai gine-gine da ya amfana da cire filin, bai yi daidai da abin da 'yan jarida suka bankaɗo ba. Washegari Ford ya tsaya gaban 'yan jarida a Niagara Falls, ya ce ya saɓa alkawari, ya ba da haƙuri, ya ce za a mayar da filin. Majalisa ta dawo hutu ranar 25 ga Satumba.

"To ai an mayar da filin, me kuma kake nema?"

Wannan ita ce magana mafi ƙarfi da za a mayar mini, kuma ba zan raina ta ba. An mayar. Sabon minista, Paul Calandra, ya kai ƙudiri majalisa a Oktoba, ya zama doka a Disamba. A cikinsa akwai abu ɗaya mai kyau sosai: an rubuta iyakar yankin a cikin doka, ta yadda nan gaba ba za a iya yanka shi da umarnin majalisar ministoci kaɗai ba, sai an zo zauren majalisa an yi muhawara a bainar jama'a.

Amma a duba yadda aka zo nan. Lysyk ta ba da shawarwari 15. Gwamnati ta karɓi 14 nan take, ta ƙi ɗaya, wato wadda ta ce a sake duba cire filin. Duk gyaran da bai taɓa filin ba an yarda da shi. Ford ya shafe mako shida yana kare matakin. Ko bayan saukar Clark, maganar da gwamnati ta fara yi ita ce za a sake nazarin yankin baki ɗaya, har da ɗaruruwan buƙatun da wasu masu filaye suka shigar, abin da ya sa mutane tsoron wani yankan ne ke tafe. Ford bai juya ba sai da 'yan majalisarsa suka dawo daga mazaɓunsu suka faɗa masa abin da suka jiyo.

Wato murabus ɗin farko an yi shi ne domin a tsira da shirin. An miƙa ministan ko mutane za su bar maganar filin. Da jama'ar Ontariyo sun yi irin tafin da muka yi a wajen hirarmu sun watse, da yanzu tirakta ta daɗe da shiga gonakin da aka cire a garin Pickering.

Kuma dokar mayar da filin ta zo da wani sashe da ba a cika ambato ba, wanda ya kare gwamnati da jami'anta daga ƙarar da masu filayen za su iya shigarwa. Ana iya cewa an yi ne don kada kuɗin masu biyan haraji ya tafi a diyya, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai kotu na cikin wuraren da ake tilasta wa mutum ya fito da takardu ya yi rantsuwa. Wanda ya yi ɓarnar shi ne ya rubuta dokar da ta rage wannan hanyar.

Adalci ya sa in faɗi cewa babu ɗaya cikin rahotannin biyu da ya ce Ford da kansa ya zaɓi filayen, kuma ya sha musanta cewa ya san yadda aka zaɓe su. 'Yan sandan tarayya sun sanar da buɗe binciken laifi ranar 10 ga Oktoban 2023. Amma umarnin a samar da hanyar musayar filaye a yankin kafin ƙarshen 2022 yana cikin wasiƙar aiki da ofishin Firimiya ya ba Clark bayan zaɓen Yunin wannan shekarar, zaɓen da ba a gaya wa masu jefa ƙuri'a za a taɓa yankin ba. Irin waɗannan wasiƙun, gwamnatin ta yi shari'a har Kotun Ƙoli don kada 'yan jarida su gan su, ta kuma yi nasara a 2024.

"Mutane na neman gida, dole a yi sauri"

Wannan hujjar ita ce gwamnati ta riƙe daga farko har ƙarshe. Tsadar gida a Toronto gaskiya ce. Duk wanda yake da ɗa ko ƙani a can ya san yadda ɗalibai ke cunkushewa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, suna biyan hayar da ta fi albashin shekara a nan. Gwamnati ta yi alkawarin gidaje miliyan 1.5 kafin 2031.

Sai dai kwamitin da gwamnatin da kanta ta kafa kan tsadar gidaje ya faɗa a rahotonsa na Fabrairun 2022 cewa ƙarancin fili ba shi ne matsalar ba. Akwai fili a cikin garuruwa da gefensu wanda aka riga aka ware don gini. Matsalar ita ce ƙa'idojin da suka hana a gina bene mai ɗaukar iyalai da yawa a unguwannin da aka keɓe wa gida ɗaya ɗaya, da jinkirin ba da izini. Lysyk ma ta tabbatar da cewa ana iya cika alkawarin ba tare da an taɓa yankin ba. Kuma kashi 83 cikin 100 na abin da aka cire ƙasar noma ce mai daraja ta farko.

Ga abin da saurin ya haifar. A kakar 2023, lokacin da ya kamata majalisa ta duƙufa kan gidaje, aikinta ya koma warware abin da ta saƙa. An mayar da Greenbelt. A Oktoba Calandra ya soke faɗaɗa iyakokin birane kamar Hamilton da Ottawa da ofishin Clark ya ƙaƙaba musu, ya ce yadda aka yi aikin bai cika ƙa'ida ba. A Disamba aka fasa rushe hukumar yankin Peel da ke gefen Toronto, kimanin wata shida bayan an zartar da dokar rushe ta, bayan an gane zai jawo wa mazauna ƙarin haraji. A Fabrairun 2024 aka soke dokar 2019 da ta ƙayyade ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, har da nas-nas, a kashi 1 cikin 100 a shekara, bayan kotun ɗaukaka ƙara ta ce ta saɓa tsarin mulki. Kafin duk wannan, a Nuwamban 2022, an yi dokar hana ma'aikatan makarantu yajin aiki, aka soke ta cikin mako biyu.

Magini da ya ga ana sauya ƙa'ida duk bayan 'yan watanni ba zai zuba kuɗinsa ba. Ƙaramar hukuma ba za ta shimfiɗa bututun ruwa zuwa unguwar da ba ta san ko gobe tana cikin gari ko tana waje ba. Kowa ya san birkilan da ke ɗora bulo a kan tushen da bai bushe ba don maigida ya ga aiki na tafiya. Bayan damina shi ne za a sake kira ya rushe, a biya shi sau biyu.

Cika alkawarin miliyan 1.5 na buƙatar gidaje 150,000 duk shekara. Ba a kai ko kusa ba. Har ta kai gwamnati ta fara lissafa gadajen gidajen kula da tsofaffi a matsayin sababbin gidaje domin adadin ya ɗan yi ƙiba.

"Kana so majalisa ta tsaya cak saboda mutum ɗaya?"

A'a. A nan ma na saɓa da wasu 'yan adawa, a can da nan, masu ganin idan abin kunya ya faru, babu sauran aikin da ya halatta sai zancensa. Asibitoci na jira, makarantu na jira, kasafin kuɗi ba ya jiran rahoton kowa. Gwamnatin da aka zaɓa tana da haƙƙin ci gaba da shirinta.

Abin da nake cewa shi ne abin kunyar ya nuna takamaiman wurin da ke yoyo, don haka jadawalin majalisa ya kamata ya nuna an ga wurin. Matsalar Greenbelt ba ta tsaya a kan wani ma'aikaci mai rawar kai ba. Doka ce ta bar ƙofa a buɗe, ta yadda ofishin minista zai iya sauya darajar fili da biliyoyi ba tare da ƙuri'a ɗaya a zauren majalisa ba. An rufe wannan ƙofar a kan Greenbelt. Amma ministan gidaje na Ontariyo yana da wani ikon na daban, na ba da umarnin sauya amfanin kowane fili ya tsallake ƙaramar hukuma, kuma gwamnatin Ford ta yi amfani da shi fiye da gwamnatocin baya nesa ba kusa ba. Ofishin binciken kuɗi ya soki yadda ake amfani da shi tun 2021, ya sake suka a ƙarshen 2024. Ikon yana nan.

Haka kuma dokar Disamban 2022 da ta cire kariyar gonakin Duffins Rouge, waɗanda ke cikin filin da aka ɗiba a Pickering, ita ce ta ba magadan garin Toronto da Ottawa damar zartar da wasu ƙa'idoji da goyon bayan kashi ɗaya cikin uku kawai na kansiloli. An mayar da kariyar gonakin, an bar wancan sashen.

Mu da muke ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Ita ta danƙa filin jiha a hannun gwamna, sa hannunsa ke mayar da fili na mutum, sa hannunsa ke ƙwacewa. Shi ya sa duk sabuwar gwamnati ke zuwa da kwamitin binciken rabon filaye, wani lokaci da katafila, a kori kwamishina ko darakta, amma ikon da ya ba da damar yin ɓarnar ba wanda ke taɓa shi, domin mai binciken ma yana da buƙatarsa.

"Jama'a sun sake zaɓensa, kai wane ne?"

Gaskiya ne. Ranar 27 ga Fabrairun 2025 Ford ya ci zaɓe karo na uku a jere da rinjaye, kujeru 80 cikin 124. Ya kira zaɓen tun wa'adi bai cika ba, ya gina kamfen ɗinsa a kan barazanar harajin da Donald Trump ke yi wa kayan Kanada, kuma mutane da yawa sun ga shi ne mai bakin da zai iya mayar wa Amurka da martani. Ban ga laifin ma'aikacin kamfanin haɗa motoci a Windsor da ya fi damuwa da aikinsa a kan gonar da bai taɓa gani ba.

Amma ƙuri'a ba hukuncin kotu ba ce a kan kowace magana. Wanda ya zaɓi Ford saboda Trump bai sa hannu a kan yadda ake yin doka ba. Kuma ba a manta cewa ƙasa da rabin masu rajista ne suka fito a zaɓen 2022 da na 2025 ba.

Wani abu game da Ford da ya kamata a yaba, kuma shi ne ke ruɗar mutane: ya iya ba da haƙuri. Zai fito ya ce ya yi kuskure, ya juya, ba tare da jan magana ba. Mu da ba mu saba jin haka daga bakin mai mulki ba, abin yana burge mu. Sai dai idan ba da haƙuri ya zama shi ne tsarin aiki, sai a wayi gari doka tana wucewa da gudu, in an yi shiru ta zauna, in an yi ihu a janye. Aikin tacewa da ya kamata kwamitocin majalisa su yi sai ya koma kan 'yan jarida, ƙungiyoyin manoma, alƙalai da masu zanga-zanga. Su kuma ba kullum suke da ƙarfi ko lokaci ba. Greenbelt ya tsira ne domin kusan kowa a Toronto ya san sunansa. Dokar da ta shafi ƙauye mai nisa ba ta da wannan gatan.

Kuma ba a daɗe ba aka ga misali. A Yunin 2025 majalisar ta zartar da ƙudiri mai lamba 5, wanda ya ba majalisar ministoci ikon ayyana wani wuri a matsayin yankin tattalin arziki na musamman, ta kuma ɗauke wa kamfani ko aikin da ta amince da shi bin dokokin lardi da ƙa'idojin ƙananan hukumomi. Wurin da aka fi ambata shi ne yankin ma'adinai na Ring of Fire da ke can arewacin lardin. Shugabannin al'ummomin asali, waɗanda ƙasar kakanninsu ce, sun zo har harabar majalisa a Queen's Park suna cewa ba a tuntuɓe su ba. Gwamnati ta taƙaita lokacin muhawara, ƙudirin ya wuce kafin hutun bazara. Hujjar a wannan karon ba gidaje ba ce, harajin Trump ne, amma maganar ɗaya ce: lokaci ya ƙure, a ba ministoci dama su zaɓi wanda doka za ta ɗaga wa ƙafa.

Ba na cewa an yi almundahana a ƙarƙashin wannan dokar. Ina cewa ta sake buɗe irin ƙofar da rahotanni biyu suka nuna haɗarinta shekara biyu kacal kafin nan, kuma ta buɗe ta fiye da da.

Shi kuwa Steve Clark, bai bar kujerarsa ta majalisa ba ko na kwana ɗaya. A Yunin 2024, wata tara bayan murabus ɗinsa, Ford ya naɗa shi jagoran gwamnati a zauren majalisa. Mai wannan muƙamin shi ne ke tsara ƙudirin da za a kawo, ranar da za a kawo shi, da tsawon lokacin da za a ba 'yan majalisa su yi magana a kansa.